Amanar Mai Makulli

 

Tambaya na kawo muku. A garuruwa da dama inda aka buɗe aji, akwai wurin ajiye littattafai. Wani gari ɗaki ne guda. Wani gari akwatin ƙarfe ne a zauren mai gari ko a ɗakin malami. An zaɓi mutum ɗaya, an ba shi makulli, an ce masa: "Ga amanar gari." To, mece ce wannan amana? Ya tsare littattafan kada su lalace? Ko ya ba da su aro, ko da za su dawo a yage? Kada ka ce wannan damuwar mai makulli ce shi kaɗai. Karatun da ka sha wuya ka samu, zamansa ko gudunsa yana cikin amsar.

Me ya sa aka kawo akwatin?

Aikin yaƙi da jahilci na gwamnati ya kankama a Nijar a 1963. A 1966 masana suka taru a Bamako, suka daidaita baƙaƙen rubuta Hausa da wasu harsunan Afirka ta Yamma. Cikin shekarun nan ne manoman gujiya na ƙasar Damagaram suka fara riƙe kasuwar ƙungiyarsu da kansu. Su ke aunawa, su ke rubutawa, su ke biya. Wanda ya iya karanta lambar sikeli, da wuya a cuce shi. Abin da ya sa masu furfura suka zauna gaban allo ke nan.

Amma ba a daɗe ba aka lura da wani abu. Mutum ya yi watannin rani yana zuwa aji. Damana ta faɗi, ya koma gona. Kaka ta wuce, ya tafi cin rani. Ranar da ya dawo ya ɗauki takarda, sai ya ga baƙaƙen sun zama baƙi gare shi. Karatu kamar hanyar ƙafa yake cikin daji. In ana bin ta, tana nan. In an bar ta damana ɗaya ko biyu, ciyawa ta rufe ta. Don haka aka riƙa buga jaridu cikin harsunanmu, irin su Ganga da Sabon Ra'ayi da Muryar Damagaram. Don haka kuma aka kai akwatunan littattafai ƙauyuka. An kai su ne don kada hanyar ta mutu. Riƙe wannan, za mu koma kansa.

Hujjar masu cewa a kulle

Kada mu raina su, domin maganarsu tana da nauyi. Littafin Hausa ba ya da yawa. Ba a samunsa a kasuwar ƙauye kamar gishiri. In ya ɓace, sai an je birni, watakila ma a je a rasa. Maƙiyansa kuwa ba su ƙirguwa: gara, ɓera, yoyon ɗaki, akuya, yaro mai hannun mai. Wani ya ari littafi, mai ƙosai ta ƙunshe ƙosai da shafinsa. Wani ya sa shi cikin jaka ya tafi Kano ko Abijan, sai bayan shekara biyu.

Suna da wata hujja da ta fi wannan ƙarfi. Suna cewa: littattafan nan ba na ƴan ajin bana ba ne su kaɗai. Akwai ƴan baɗi, akwai ƴan baɗin baɗaɗa. In mun cinye komai yau, me za su tarar? Ajiya maganin wata rana. Kuma ranar da babban malami ya zo daga birni ya ƙirga, wa zai sha kunya in ba mai makulli ba? Saboda haka suka ce: mai son karatu ya zo ya zauna nan, ya karanta gaban idonmu, ya ajiye, ya tafi.

Hujjar masu cewa a buɗe

Su kuma suna tambaya: wa zai iya zama nan ɗin? Kai da ka koyi karatu da girmanka ka san yadda abin yake. Kana bin layi da yatsa. Kana haɗa baƙi da wasali a hankali, bakinka yana motsi. Shafi ɗaya yana ɗaukarka lokacin da za ka kai jaki rijiya ka dawo. Magidanci mai ƴaƴa ba ya son a gan shi yana i'ina gaban yara. Yana son dare, da fitilarsa, da ɗakinsa, inda ba mai yi masa dariya.

Mata fa? Daga daka sai ɗiban ruwa, daga itace sai tuwo. Lokacin da hannunta ya huta, an daɗe da kulle akwati. Wata ma ba ta fita, balle ta zauna a zauren mai gari cikin maza. Ashe dokar "zo ka karanta nan" ta hana rabin gari karatu, ko da ba a faɗi haka da baki ba.

Kowane ɓangare yana tsoron asara. Waɗancan suna tsoron asarar littafi. Waɗannan suna tsoron asarar mai karatu. Sai mu auna mu ga wadda ta fi.

Mu tambayi manomi

A ce gari ya tara irin hatsi mai kyau, aka ba mutum uku ajiya. Na farko ya zuba nasa a rumbu ya liƙe da laka. Ruwan shuka ya sauka, mutane suka zo, ya ce: "Amana ce, ba na taɓawa." Shekara uku iri yana nan, ba ƙwaya ɗaya da ta fita. Amma ƙwari sun shiga, ƙarfin irin ya ragu, gonaki kuma sun kwana ba shuka. Na biyu ya buɗe rumbu ya bar shi. Kowa ya ɗiba, wasu suka shuka, wasu suka yi fura. Bai san wa ya ɗauki nawa ba. Kafin shekara rumbu ya zama wayam. Na uku ya auna wa kowa da tiya lokacin shuka, ya rubuta, da kaka ya bi ya karɓa. Wasu tiyoyi ba su dawo ba, don gonar wani ba ta yi ba. Amma gari ya ci, rumbu kuma bai bushe ba.

Wane ne ya riƙe amana cikinsu? Ba sai na faɗa maka ba. Na biyu kowa ya san ya yi sakaci. Na farko ne mai ruɗarwa, don hannunsa a wanke yake, ba wanda zai kira shi ɓarawo. Duk da haka ya ci amana, domin ya manta abin da aka ba shi irin dominsa.

Kowace amana tana da mai ita, tana kuma da dalili. Kafin ka ce ka tsare ta, tambayi kanka: wa ya ba ni, kuma don me? Kuɗin marayu ana tsare su ne don su ci su girma. Rijiyar gari ana yi mata baki ne don a sha ruwa mai kyau. Littafi an kawo shi ne don hanyar nan da muka ambata ta zauna a buɗe. Mai makullin da littattafansa suke ƙyalli kamar ranar da aka kawo su, alhali ƴan ajinsa sun koma dangwala yatsa a kan takarda, takarda ya tsare, amana ta zube.

Mu yi lissafi. A ce akwatinku yana da littafi 40, mutum 30 kuma suka gama aji. In an kulle, bayan shekara 3 littafi 40 suna nan, in gara ta bar su. Masu karatu nawa suka rage? In ana ba da aro da tsari, a ce littafi 3 suna salwanta kowace shekara. Bayan shekara 3 saura 31. An yi asarar 9. Littafi 9 ana iya sayensu ranar kasuwa ɗaya a birni. Mai karatun da ya manta kuwa, sai an sāke masa rani guda cif gaban allo. Da yawa ma ba su dawowa, don kunyar a ce sun koma farko.

Game da ƴan baɗi da ake cewa a ajiye musu: gaskiya ne suna da hakki. Amma wa zai jawo su aji? Maƙwabcin da suka gani yana karanta wasiƙar ɗansa da kansa. In ƴan bana suka manta, ba za a sami ƴan baɗi ba. Za su ce: "Wane ya yi, me ya samu?"

Sai dai mu raba lalacewa biyu. Akwai hauyar da ta cinye saboda noma, akwai wadda aka yar a bayan danga tsatsa ta ci. Littafin da bangonsa ya yi laushi saboda hannu ashirin sun riƙe shi, ya yi aikinsa, abin alfahari ne. Littafin da aka bari ruwa ya doke shi, sakaci ne. Aikin mai makulli shi ne ya yarda da ta farko, ya yaƙi ta biyu.

Kai mai aro

Yanzu magana ta zo kanka. In an ce mai makulli ya buɗe hannu, to rabin amanar ya koma wuyanka. Littafin da ke ɗakinka, akwai mutum 29 da suke jiransa. Kwanan da ka ƙara a kan wa'adi, daga rabonsu ka ɗiba. Ka naɗe shi da leda ko tsumma mai tsabta. Ka ɗora shi sama, nesa da ƙasa da bango, don gara daga nan take hawa. Kada ka ba wani aro daga hannunka, ko da ɗan'uwanka ne. Ka kai shi a rubuta, shi ma ya ɗauka da sunansa. In za ka yi tafiya, ka maido kafin ka ɗaura kaya.

Ka sani, duk mai makullin da ya zama mai rowa, yawanci masu aro ne suka koya masa.

Wurare uku masu wuya

Na ɗaya: mutum ya ɓatar da littafi. A hana shi har abada? In aka yi haka, an yi asara biyu, ga littafi ga mutum. In kuma aka ƙyale shi, gobe wani zai yi. Abin da ya dace, ya zo da bakinsa ya faɗa, a gaban masu kula da akwati. Mai hali ya biya. Marar hali ya biya da aiki: ya ɗinke littattafan da suka ɓalle, ya gyara rufin ɗaki kafin damana, ko ya kwafe wani ƙaramin littafi da hannunsa cikin kaye. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne, don kafin ya gama biya, rubutunsa ya gyaru. Wanda ya zo ya faɗi gaskiya a sassauta masa fiye da wanda aka bi sawu. In ba haka ba, za mu koya wa mutane ƙarya.

Na biyu: babban mutum ya ari littafi ya riƙe. Ɗan mai gari ne, ko attajirin da ya ba da tabarmin aji. Mai makulli yaro ne gare shi, ba ya iya buɗe baki. A nan ne ake gane ko akwatin na gari ne ko na masu ƙarfi. In aka matsa wa talaka aka ƙyale babba, dokar ta mutu a ranar. Maganin wannan, kada a bar mutum ɗaya da nauyin. Ku dubi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka fara a ƙasar Maraɗi a 1991. Asusunsu ba ya buɗuwa sai gaban kowa, ana ƙirga kuɗi da ƙarfi kowa yana ji. Shi ya sa ba mai jin nauyin tambayar bashi. Ku yi haka da littattafai. A naɗa mutum uku ko biyar, da mace a cikinsu. Sau biyu a shekara, kafin shuka da bayan girbi, a ƙirga littattafai a dandali, a karanta sunan duk wanda yake riƙe da wani. Ba zagi, ba faɗa. Karanta sunan ya isa.

Na uku: wanda bai shiga aji ba ya zo aro. Ɗan lakkol ne da ya dawo hutu, ko almajirin da ya iya ajami yana son ya gwada boko. Wasu suna cewa: "Mu muka sha rana, mu ke da akwati." Wannan kuskure ne. Ilimi ba tuwo ba ne da zai ƙare in baƙo ya sa hannu. A ba shi bisa ƙa'idar da aka ɗora wa kowa. Sau da yawa irin waɗannan ne suke zama malaman aji na gaba.

Tsarin duka bai wuce kaye ɗaya ba. A ja layi huɗu: sunan mai aro, sunan littafi, ranar ɗauka, ranar maidowa. Mai aro ya rubuta sunansa da hannunsa, kome karkacewar rubutun. Matan da ba su fita, mace daga cikin masu kula ta riƙa kai musu gida, ta karɓo bayan mako biyu.

Maganar kuɗi

A riƙa biya kafin a ara? In aka sa kuɗi a kan kowane aro, ko dala biyar ce, wanda ya fi bukata shi zai fara janyewa. Mace mai ƴan kuɗin cefane ba za ta zaɓi littafi ta bar gishiri ba. In kuma ba a tara komai, akwati zai rame har ya mutu, don littafi yana tsufa kamar riga.

Hanyar da ta fi adalci ita ce a raba aro da gudummawa. Aro kyauta ne ga kowa, duk shekara. Gudummawa kuwa da kaka ake yin ta, lokacin da hannu yake da abu. Mutum 30, kowa tiya ɗaya, tiya 30 ke nan. A ajiye har hatsi ya yi daraja, a sayar, a sayi littattafai da kaye da alli. Garin da yake da fili yana iya noma ƴar gona da sunan ɗakin karatu. A faɗi abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a.

Kada kuma a manta da mai makulli. Yana barin aikinsa yana buɗe muku akwati. In ba ku iya biyansa, ku yi masa gayya rana ɗaya a gonarsa. Shi kuma in ya karɓa, ya san kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: ranar da aka sa ta buɗewa, ya buɗe.

Yaya akwati yake girma?

Kowa yana son a ce garinsu ya fi na maƙwabta yawan littattafai. Amma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ana iya kawo muku kwali goma na manyan littattafan Faransanci, a ɗauki hoto, a tafi. In ba mai iya karanta su, gara kawai aka kawo wa abinci. Ma'aunin girma yana cikin kayen aro. Sunaye nawa ne a ciki bana, nawa ne bara? Mata nawa? Wane littafi ne ba ya kwana cikin akwati? Irinsa za a ƙaro.

A tanadi na kowane mataki. Sabon mai karatu yana son manyan baƙaƙe da gajerun labarai. Wanda ya ƙware yana son abin da zai daɗe yana ci, kamar Magana Jari Ce na Abubakar Imam. A sami na aiki: kiwon lafiyar yara, ajiyar wake, kiwon tumaki, lissafin ƙungiya. In kun tarar da tsofaffin jaridu masu ninka wasali, inda aka rubuta "kaasuwaa" maimakon "kasuwa", kada ku zubar. Rubutun wancan zamani ne. Kwana biyu ido yake sabawa.

Akwai hanya biyu na ƙaruwa da ba su cin ko dala. Ta farko, musaya. Littafin da kuka gama da shi sabo ne a garin da ke gaba. Ranar kasuwa ku kai musu 10, su ba ku 10, a rubuta. Ta biyu, ku rubuta naku. Wa ya sari garinku? Wace shekara aka gina rijiyar yamma? Wace rana ruwan shuka ya sauka bana, da bara? Nawa aka sayar da tiya kowane wata? Tsofaffi suna tafiya da abin da suka sani. Ku zauna da su, ku rubuta cikin kaye, ku sa a akwati. Ba wata maɗaba'a a duniya da za ta buga muku wannan. Kuma ba littafin da mutane suke rububinsa kamar wanda sunan kakansu yake ciki.

Dare ɗaya a mako, ku taru wani ya karanta da ƙarfi, kowa ya saurara, har waɗanda ba su san baƙi ba. Ajin baɗi daga nan yake cika.

Wani zai ce: yanzu da salula ta zo, ana aika murya, me za a yi da karatu? Murya tana kai gaisuwa. Amma lambar kuɗin da ɗanka ya aiko, a rubuce take. Yawan maganin da za a ba jariri, a rubuce yake. Takardar sayen gona ko jinginarta, sunanka da iyakarka a rubuce suke, kuma ita za a fiddo ranar da ba ka nan. A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Amma manyan da suka iya karatu da rubutu a ƙasar ba su kai 40 cikin 100 ba. Kowane ɗayanku da ya riƙe karatunsa, gari guda yake yi wa ido.

Saboda haka, mai makulli, buɗe akwati, ka riƙe kaye da kyau. Mai aro, ɗauki ka karanta, ka maido a kan lokaci. Dattawan gari, ku tsaya a bayansu. Kafin ranar 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya, ku zauna ku ƙirga littattafanku, ku ƙirga masu karatunku, ku ga wanne ya ragu. Sannan ku rubuto mana da hannunku yadda kuke yi a garinku, da abin da kuka yanke game da wanda ya ɓatar da littafi, don wasu su ƙaru da dubararku.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya ba mu damana mai albarka. Amin.